Murhu a Ƙofar Jaratu

Akushin malamai ne a kanta ranar da ta faɗi. Da ƙwaryar yara ce, da an yi dariya an wuce, amma sai ya zama babban baƙin akushin nan, tuwon hatsi malmala a kan malmala, man shanu har yana naso ta gefen faifai. Ina bayanta da kaskon miya, ina gani ƙafarta ta hagu ta ƙi ɗaguwa a bakin zaure. Ta yi gaba, akushi ya riga ta, tuwo ya gangara har gaban tabarmar liman.

"Subhanallahi!" in ji liman, ya janye ƙafa.

"Ba komi, ba komi," Jaratu take cewa daga ƙasa, tana tattara malmala da hannu ɗaya. "Na bisa ba su taɓa ƙasa ba. Zaliha, kama mini, ke kuma kin tsaya kallo awa baƙuwa."

Na aje kasko na kama ta, ba tuwon ba. Hannunta na hagu ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen zane. Zauren cike yake da maza, don bikin ɗiyar sarkin maƙera ake, an zo har daga Allakaye da Babankatami. Kowa ya sunkuyar da kai sai mutum ɗaya, Mato, ɗan wan mijinta, wanda take zaune a hannunsa tun rasuwar mijin. Shi ya miƙe tsaye, fuskar nan kamar an watsa masa ruwan barkono. Liman duban sa kawai ya yi, amma dai da zagi ne da ya fi masa sauƙi.

Ni Zaliha, darnin kara ɗaya ya raba ɗakina da na Jaratu tun ina amarya, don haka in na ba da labarinta ba ji na yi a bakin rijiya ba. Bafillata ce daga rugagen da ke sauka kwarin Ibohamane da rani. Muntari ya gan ta tana tallan nono, ya bi ta har wurin ubanta, ya auro ta ya hawo da ita garinmu bisa dutse. Ta haihu, ba su tsaya ba. Muntari ma ya tafi. Danginta sun zo ɗaukarta bayan takaba, ta ce ta saba da hayaƙin gari. Ni ina ce mata Bahillata, ita tana ce mini Kaɗo, mun tsufa a haka ba mu taɓa yini ba mu yi faɗa ba.

Aikinta ɗaya a duniya, rabon abinci a gidan taro. Ba a gayyatarta, wa ke gayyatar ruwan sama? Da ta ji luguden biki ko guɗar haihuwa, ko aka ce yau sadakar wane, sai ka gan ta da gammonta a hammata. Ba ta tuƙi, ta ce tuƙin tuwo aikin Haɓe ne masu damatsa. Amma da an sauke tukunya, duk masu damatsan nan sai su ja baya su ba ta wuri. Ita ta san akushin da za a kai wa malamai da wanda za a kai wa samari. Ta san ƴan'uwan da suka yi rigimar gona, ba a haɗa su ƙwarya ɗaya, amma ana aje ƙoren kusa da juna ko Allah ya sa hannu ya gogi hannu. Ta san tsohon da haƙora suka gudu suka bar shi, ta zaɓar masa mai laushi ta cika miya. Baƙin Buzaye in sun zo, tun kafin su kunce raƙuma ta nemo cokulan icce ta kai musu nasu bayan rumbu, inda za su sassauta rawani ba idon kowa. A shekarar fara, lokacin da tukunya ɗaya ke ciyar da suna guda, na ga ta raba abin da bai kai cikin gida biyu ba, aka watse ba wanda ya ce an manta da shi.

Ba ta iya aje akushi ta juya ba. Sai ta tsaya ta tambayi ciwon gwiwa, ta tambayi ɗan da aka ɗauka soja, ta tsokani ango, ta ɗauki labarin wannan tabarma ta kai waccan, bayan ta tsince ƙayar da ke ciki. In aka ce mata, "Bisimilla, Jaratu, zamna ki sa hannu," sai ta ɗaga ƙwaryar da ke hannunta.

"Da wane hannun? Ku ci, ina zakuwa."

Ba ta taɓa komowa ta zauna ba, mu kuwa ba mu taɓa lura ba. Ni kaina cewa nake son shiga ne irin na mai ƙafar yawo, na kuma sha gaya mata haka a gaban mutane.

Da yammacin ranar faɗuwar, Mato ya tara matan gidansa a tsakar gida. Ba sai na kasa kunne ba, darnin kara ba ya riƙe sirri.

"Yau an nuna ni da yatsa cikin garin ubana," in ji shi. "An ce dangin Muntari sun bar tsohuwa tana bauta gidan mutane don loma. Wallahi tallahi, in dai ina numfashi, Inna ba ta ƙara taka ƙohwar gidanga da sunan aikin buki. Ta zamna a yi mata. Mi ag gare mu in ba ita ba?"

Kada wani ya ce Mato mugu ne. Jaratu ce ta goye shi lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo, yana kuma son ta har ransa. Matarsa Cima ta share ɗakin tsohuwar, ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma. Garin ma duk ya tashi da alheri. Kaka ce, rumbuna sun cika, kowane mako da taro, kuma duk gidan da aka ɗora tukunya sai an ce, "A hidda na Jaratu tukuna." A ba yaro ya kai, yaro ya dire a bakin ƙofa ya ruga, don kada a cinye nasa. Mata suna leƙowa su yi sannu daga tsaye, kowace tana sauri za ta gidan biki. Muka yi ta yabon kanmu, muna cewa tsohuwa ta huta. Ashe garin neman gira muke shirin rasa ido.

Ƙafar ta ɗan saki, har tana dogara sanda ta zaga bayan ɗaki. Amma matar sai ƙanƙancewa take. Abin da ya fara tayar mini da hankali, na kwana biyu ina jefa mata magana ta saman darni ba ta rama ba. Na ce mata Bahillata mai ƙafar sauro, ta ce, "Hakanan na." Rannan da hantsi na zagaya ta zauren Mato na shiga wurinta.

Ƙore na tarar a jere a gindin bango, kowace da faifanta. Na buɗe ta farko, tuwon jiya ne ya yi ɓawo. Ta biyu dambu, kaji sun riga ni. Tana zaune a bakin ƙofa ta juya kunne wajen arewa, inda ake kiɗan kai amarya.

"Ke Bahillata, wanga wane irin wulakanci na? Mutane na hana cikinsu su aiko miki, ke kina kiwon kaji?"

"Wa ar riƙe rabo can?" ta ce, ba ta ko dube ni ba.

"Jima, ta nan lungunmu."

"Jima ba ta san kawun amarya ba ya cin miyar guro mai yauƙi ba."

"To ya kwana da yunwa, ba ɗanki na ba. Ni ke nika tambaya. In kiɗin kika so, tashi in riƙa ki mu tahi. Mato aiki ya hana, bai hana zama ba. A shimhiɗa miki tabarma cikin manyan mata, a kawo miki akushi, ke ma ki ji yadda muka ji."

Sai ta juyo. Idon nan ya faɗa, amma kallon da ta yi mini irin wanda ake yi wa yaron da ya yi tambayar wauta ne.

"Kaɗo, shekarunga duka, kin taɓa ganin loma ta shiga bakina?"

Na buɗe baki in ce sau dubu. Na laluba, na laluba, ban samo ko ɗaya ba.

"Garinga wa a ba surukina ba?" ta ce. "Wanda ba wan Muntari ba, kawunai na. Wadda ba gwaggonai ba, matar wannai ta. Mu inda anka haihe ni, mace ba ta tauna gaban surukai, ko yunwa za ta kashe ta. In na zamna, sai an aje mini abinci. In ƙi ci, na rena mai gida. In ci, na zubda girman ubana. Shekarata ta hwari garinga cikin ɗaki na yi ta, ina jin dariyarku ta bayan darni, har na ɗaure kayana za ni gudu. Rannan anka rasa mai kai ƙwarya zaure, anka ce amarya ta kai. Na kai, anka ce bisimilla, na ce hannuna da kaya, kowa ya yi dariya, ba wanda ya ji haushi. Na ce ashe ga ƙohwa. Tun rannan ban sake ta ba."

Ta nuna ƙoren da haɓa.

"Tuwo ya ishe ni, Zaliha. Mutane nika so. Kun ɗauke mini mutane kun aiko mini tuwo."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban kuma san da wa zan yi faɗa ba. Na kwashe ƙoren na fita. A zaure na tarar da Mato yana gyaran igiyar guga, na tsaya a kansa na zazzage masa duk abin da na ji.

Ya saurara har na gama, don yaro ne mai ladabi, ko da yake furfura ta fara masa.

"Gwaggo, na ji. Amma ke kin ga yadda tah hwaɗi. In ta sake hwaɗuwa bisa dutsi, ko cikin wuta, wa za a tambaya? Ke ko ni? Kuma na riga na rantse gaban iyalina. In ta gaji da ɗaki, Cima ta riƙa zama da ita."

"Cima ɗaya ta ka zama gari?"

"Gwaggo, a yi haƙuri."

In namiji ya ce miki a yi haƙuri yana kallon igiya, magana ta ƙare. Na tafi gida ina huci. Ban daɗe ina hucin ba, Allah ya kawo mini hanya har cikin ɗaki, don a makon nan Binta, matar ɗana Halidu, ta sauka. Namiji ta samu, na farko tun da Halidu ya komo daga yaƙin Nasara, haihuwarta ta biyu kuma, saboda haka a gidanmu za a yi suna. Taron nawa ne, murhun nawa ne, ba kuma wanda ya taɓa gaya mini inda zan kafa murhuna.

Ana gobe suna, da rana tsaka, na kira Halidu na miƙa masa gatari.

"Kwance mini darnin ga, daga rumbu zuwa gindin aduwa."

"Inna, darnin lahiya lau shike."

"Can wurin kumandan haka kaka yi in an ba ka aiki?"

Ya yi dariya, ya ƙame ya sara mini irin ta soja, ya kama aiki. Kafin la'asar tsakar gidana da ƙofar ɗakin Jaratu sun zama fili ɗaya. Na sa ya mirgino manyan duwatsu, garinmu ba abin da ya fi su araha, muka kafa murhu uku a ɓangarenta, kusa yadda mai zaune a bakin ƙofa zai miƙa hannu ya taɓa akushi, nesa yadda wuta ba za ta lashi zane ba. Jaratu tana kallonmu. Sai da aka fara shigo da kayan aro, tukwane da akusa da ƙore daga gidajen unguwa, na ji muryarta.

"Wancan akushin na gidan liman na, kada a dire shi ƙasa, shina da tsaga."

Na ce a raina, yawwa, Bahillata ta farka.

Mato ya dawo daga daji ya tarar da mu. Ya tsaya riƙe da gatarinsa a kafaɗa, ya dubi murhu, ya dubi inda darni yake da.

"Gwaggo, mi na na haka?"

"Gidana ya yi mini kaɗan, hayaƙi na damun mai jego. Na zaka aron tsakar gida wurin maƙwabci. An hana?"

"Na san abin da kika nuhi."

"To madalla, ka rage mini bayani. Innarka ba ta taka ƙohwa ba, ba ta kuma takawa. Mu munka zaka. In korar mu za ka yi, ga tukwanen, ɗauka."

Bai ɗauka ba, bai kuma ce ya yarda ba. Ya shige zaurensa. Da safe aka raɗa suna, aka sa wa yaro Muhammadu, maza suka cika ƙofar gidana ana rabon goro, Mato ya yi fatiha daga tsaye ya koma zaure ya zauna shi kaɗai. Na ce ya zauna, zauren nasa ne.

Ranar nan na ga abin da na daɗe ban gani ba. Jaratu ta yi wanka tun da sassafe, ta sa Cima ta gyara mata kitso, ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi. Muka jingina ta da jikin ƙofa, muka tokare gefen hagun da buhun ƙaiƙayi. Na sa mata mara a hannun dama, ɗan ɓarin ƙwaryar nan da ake kwasar tuwo da shi. Masu damatsa suka tuƙa, suka sauke tukunya a gabanta. Ta tsoma mara a ruwa, ta yanko malmalar farko, ta juya ta sau ɗaya ta kife a akushi, sumul kamar ƙwai.

Daga nan gari ya zama nata. Duk mai ɗauka sai ta durƙusa a gabanta, duk mai dawo da ƙwarya sai ta faɗi abin da ta gano.

"Jima, wagga ta tsohon Babankatami ta, ƙara mishi miya. Kin tambaye shi gwiwa?"

"Ban tambaya ba."

"Koma ki tambaya. Ke jaka ta, da za ki sauke kaya ki juyo?"

Matan da suka zo barka, maimakon su shige ɗakin mai jego su zauna, sai suka jawo tabarmi suka kewaye murhu. Aka yi ta shewa. Wata ta ce mata, "Jaratu, yau kam kina zamne, sai ki sa hannu." Ta ɗaga mara sama, tuwo na ɗiga.

"Da wane hannun? Guda ya mutu, guda na aiki."

Aka kwashe da dariya, ita ma tana yi har da hawaye. Tsofaffin maza ma da suka ji inda take, suka riƙa zagayowa ta gidana suna tsayawa a inda darni yake da, suna miƙo gaisuwa, tana mayar musu da tsokana. Ni kuwa ina ta kai da kawo, ina jin kaina kamar na ci kasuwa.

Da la'asar an sallami kowa, sai ta yanko malmala biyu a ƙaramin akushi. Ta sa Cima ta tsamo mata tsoka daga miya, ta tura ta ƙarƙashin tuwon, ta rufe.

"Zaliha, miƙo mini gammona da sandata."

"Na wa na? Kawo in kai."

"Na mai gidanga na. Bai ci ba tun sahe. Ni ka kai mishi."

Daga ɗakinta zuwa zaure ba nisa, amma akwai turmi a hanya, akwai turken awaki, ƙasar kuma duk duwatsu. In ta faɗi, Mato ya yi gaskiya a gaban matan gari duka, gobe a mayar da darni, ba kuma mai sake jin maganata. Ta san haka sarai, ta fi ni sani. Na ɗora mata gammo, na ɗora akushi, na ɗaga ta tsaye.

"Sake ni, Kaɗo. Kada ki biyo ni."

Ta dogara sanda, ta ja ƙafar hagu, ta tsaya. Ta sake. Wuyan nan a miƙe kamar lokacin da take ɗauko nono daga kwari, akushi ko motsi. Wajen turken awaki sandar ta zame a kan dutse, Cima ta yi ƙara ta toshe bakinta da zane. Jaratu ta jingina kafaɗa da rumbu, ta numfasa, ta ci gaba. Na ce ba zan bi ta ba, amma ƙafafuna ba su yi alkawari ba, ina daga nesa kaɗan har ta kai bakin zaure.

"Salamu alaikum, mai gida."

Mato ya ɗago kai. Ya zabura, ya zo ya sauke akushin daga kanta da hannu biyu, ya tsuguna a gabanta da shi.

"Inna, da kin aiko."

"Wa za ni aika? Kowa na da aiki. Ci, ka duba ƙasa, na ɓoye ma abinka kada yara su gani."

Ya ɗaga malmala ya ga tsokar. Ya share fuska da hannun riga. Ni ya duba, ba ita ba.

"Gwaggo, azumin kaffara bai taɓa kashe mutum ba. Gobe in Allah ya kai mu sai in ɗauka. Inna ta tahi inda taka so, amma a riƙa bin ta."

"Wa ka bi na?" in ji Jaratu. "Wagga mai ƙiba? Sai dai in jira ta."

Shi ya riƙo ta suka dawo. Kashegari aka raba naman suna, muka wanke kayan aro muka kife a rana. Na ce bari in sa yara su mayar wa masu su, ta kusa cinye ni.

"Ki bar mini kayana! Maida ƙwarya ai shi na rabin bukin. Gobe da hantsi mu hita, ni da ke. Mu hwara da gidan Jima, mu ƙare da gidan liman. Kowane gida sai na zamna na huta, sai sun gaji da ni."

"Garin duka? Da wagga ƙahwa?"

"In ba mu gama gobe ba, jibi na nan. Zumunta a ƙahwa take, ba a ce ƙahwa biyu ba."

Ta yini tana ware su, na kowane gida a cikin na gidan, ƙanana a cikin manya, faifai a bisa. Tana yi tana ƴar waƙarsu ta Fillanci da ban taɓa gane kanta ba. Kafin magariba ta aika yaro ya gaya wa Jima ta jira ta da hantsi.

Da hantsi na gama dama wa mai jego kunu, na ɗaura zane na tsallaka. Tana zaune a bakin ƙofa, ta riga ta shirya, baƙin zanen a jikinta, sanda a kan cinya, gammo a hannun dama. Kanta ya ɗan karkata ya jingina da ƙofa.

"Bahillata, an ce hantsi, ke kin koma kwana? Tashi, rana na yi."

Ba ta rama ba. Na taɓa kafaɗarta, na taɓa wuyanta, da sauran ɗumi. Na zauna a ƙasa kusa da ita na yi salati, na shafe mata ido. Ban yi kururuwa ba, ba ta son hayaniyar da ba abinci a ciki. Amma na yi kuka, na yi sosai, don abokiyar faɗana ce, ba ni da wata.

Na kira Cima, Cima ta kira Mato. Muka shigar da ita ɗaki muka rufe ta. Mato ya fito yana cewa zai aika wa liman da masu haƙa, a kuma tura mai doki kwari wurin danginta.

"Mata hwa, Gwaggo? Wa ka gaya musu?"

"Ni."

Kayan mutane na nan jere inda masu gaisuwa za su zauna, dole a kwashe su. Na ɗora na gidan Jima a ka, na rungumo na gida na gaba, na fita ta zauren Mato. Rana ta ɗaga, awaki sun fita, lungun ba kowa. Ƙoren suna ta gwaruwa da juna a kaina har na kai ƙofar. Na tsaya zan yi sallama, sai na ji an dakatar da daka a ciki.

"Jaratu!" in ji Jima daga bayan zana. "Yo har kin iso? Shigo, shigo, ga tabarma na shimhiɗa miki tun ɗazu."

Na tsaya a bakin ƙofa da ƙore a kai, ina jin takunta tana tahowa tana kakkaɓe gari daga hannunta.